SHARHI: Daga gaɓar Neja Delta zuwa fadamar Mamudo: Wa ke bin sawun man da ƙasa ta shanye?

Garin Mamudo da ke Ƙaramar Hukumar Potiskum a Jihar Yobe ba shi da teku, ba shi da rijiyar mai, babu kuma wani kamfanin haƙar mai da ya kafa sansani a cikinsa. Abin da yake da shi shi ne lambunan noman rani, da rijiyoyin da ake sha ake kuma ban-ruwa da su, da babban titin Kano zuwa Maiduguri da ya bi ta kansa. A kan wannan titi ne tankokin mai suke wucewa dare da rana, kowace ɗauke da dubban litocin fetur ko dizal zuwa Damaturu da Maiduguri da garuruwan da ke bayansu.

Mafi yawan ma'aikatan da ke Abuja sun fara jin sunan Mamudo ne ranar 6 ga Yuli, 2013, lokacin da 'yan bindiga suka afka wa makarantar sakandaren gwamnati da ke garin, suka kashe mutum 42, akasarinsu ɗalibai. Haka ƙananan garuruwa suke shiga takardun gwamnati a Najeriya, sai bayan an ƙirga gawa. Wannan ɗabi'a ce ta sa idan aka ce malalar mai, hankali yake tafiya ga baƙin ruwan Ogoni da matattun kifayen gaɓar Bayelsa, a ɗauka matsalar mutanen bakin teku ce kaɗai.

Amma abin da ya faru a Majiya ta Jihar Jigawa a 2024, da Dikko ta Jihar Neja a 2025, da kuma shirin haƙar mai a Kolmani, sun kawo tambayar har ƙofar Arewa. Idan mai ya zube a ƙasar da jama'arta ke shan ruwan rijiya, wace hukuma ce ke da alhakin komawa ta auna ruwan bayan an kashe wuta an binne mamata?

Darasin da ke cikin rijiyar Ogale

Tarihin malalar mai a gaɓar tekun Najeriya dogo ne. A Janairun 1998 bututun kamfanin Mobil da ke Idoho, a ruwan Akwa Ibom, ya fashe ya zubar da kimanin ganga 40,000, igiyar ruwa ta kwashi man ta kai shi har gaɓar Legas. A 2008 bututun Shell ya yi ta kwarara a Bodo da ke ƙasar Ogoni, ya kashe dazukan bakin ruwa da wuraren kamun kifi. A Disamban 2011 kuma wata ganga kusan 40,000 ta tsiyaye daga filin mai na Bonga da ke can cikin teku. A Nuwamban 2021 rijiyar Santa Barbara ta kamfanin Aiteo a Nembe ta yi fiye da wata guda tana feshin mai kafin a iya toshe ta.

Hotunan waɗannan wurare ne suke yawo a duniya. Sai dai mafi munin abin da masana suka gano yana cikin rijiyar gida. A Agustan 2011 hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNEP, ta miƙa wa Shugaba Goodluck Jonathan rahoton binciken da ta yi a ƙasar Ogoni, bayan ta duba wurare fiye da 200 ta kuma ɗebi samfur fiye da 4,000 na ƙasa da ruwa. A unguwar Nisisioken Ogale, ta tarar jama'a suna shan ruwan da sinadarin benzin da ke cikinsa ya ninka ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya fiye da sau 900. Ta kuma tarar da mai kaurin santimita 8 yana yawo a saman ruwan ƙarƙashin ƙasa da ke ciyar da rijiyoyin.

Abu biyu a cikin wannan bincike sun shafi Arewa kai tsaye. Na farko, man da aka samu a ƙarƙashin Ogale tatacce ne, irin wanda tanka ke ɗauka, kuma wurin yana kusa da bututun NNPC. Na biyu, an danganta shi da malalar da ta auku fiye da shekara shida kafin binciken. A wani wurin ma, Ejama-Ebubu, masanan sun tarar da gurɓata mai tsanani shekara kusan 40 bayan zubewar mai, duk da cewa an sha yin aikin share wurin. Rahoton ya kiyasta cewa gyaran ƙasar Ogoni zai ɗauki shekara 25 zuwa 30, ya kuma nemi a ware dala biliyan 1 don shekara biyar na farko. Mataimakin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo bai ƙaddamar da aikin ba sai a Yunin 2016, 'yan kwangila kuma ba su shiga fili ba sai a 2019.

Abin da mai ke yi wa jiki

Cutar mai kashi biyu ce. Akwai ta nan take, wadda kowa ke gani: ciwon kai, jiri, amai, ƙaiƙayin ido da fata, da sarƙewar numfashi ga wanda ya shaƙi tururin fetur ko ya yi wanka da ruwan da ya gauraya da shi. Akwai kuma ta ɓoye, wadda ke ɗaukar shekaru kafin ta bayyana. Cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya benzin a rukunin farko na sinadaran da aka tabbatar suna haddasa cutar daji ga ɗan Adam, musamman sankarar jini. Yana kuma lalata ɓargo, inda jiki ke ƙera ƙwayoyin jini.

Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne kada benzin ya wuce maikirogiram 10 a lita guda ta ruwan sha. Ƙaramin lissafi zai nuna ƙanƙantar wannan adadi. Ko da an ɗauka kashi 1 cikin 100 ne kawai na fetur benzin, lita guda tana ɗauke da kusan giram 9 na sinadarin. Da a ce dukkansa zai narke a ruwa, ya isa ya haye da lita fiye da 800,000 saman ma'aunin. A zahiri ba dukkansa ke narkewa ba, wani yana ƙonewa, wani yana bin iska, amma ɗan abin da ya nutse ya isa ya lalata rijiyar unguwa.

Jarirai ne suka fi shan wahala. A 2019 wasu masana biyu na Jami'ar St. Gallen da ke Suwizalan, Anna Bruederle da Roland Hodler, suka wallafa bincike bayan sun haɗa alƙaluman malalar mai na gwamnatin Najeriya da na binciken lafiyar iyali na ƙasa. Sun gano cewa idan mai ya malala a tazarar da ba ta wuce kilomita 10 daga gidan uwa ba kafin ta ɗauki ciki, haɗarin mutuwar jaririn a watansa na farko yana kusan ninkawa, wato ƙarin mutuwa kimanin 38 a cikin haihuwa 1,000. A Mayun 2023 kuma kwamitin da Jihar Bayelsa ta kafa ƙarƙashin tsohon Babban Limamin Cocin York, John Sentamu, ya ce gyaran jihar da kula da lafiyar mutanenta za su ci aƙalla dala biliyan 12.

Irin wannan mutuwa ba ta zuwa da hayaƙi. Jaririn da ya rasu a mako na biyu, ko dattijon da jininsa ya ƙare a hankali, ba wanda zai rubuta sunansa a jerin waɗanda haɗarin tanka ya shafa.

Majiya da Dikko

A daren 15 ga Oktoba, 2024, wata tanka da ta taso daga Kano za ta Nguru a Jihar Yobe ta kife a garin Majiya da ke Ƙaramar Hukumar Taura. Fetur ya cika magudanar ruwa ta gefen titi, jama'a suka fito da bokitai da jarkoki, wuta ta tashi. An yi jana'izar mutum kimanin 140 a kabari guda, kwamitin da gwamnatin Jigawa ta kafa kuma daga baya ya ce mamatan sun haura 200. Wata uku bayan haka, ranar 18 ga Janairu, 2025, wata tanka mai ɗauke da lita 60,000 ta faɗi a mahaɗar Dikko, kan hanyar Abuja zuwa Kaduna da dubban ma'aikatan tarayya ke bi kowane ƙarshen mako. Mutum fiye da 80 suka ƙone.

An yi ta zargin mamatan da kwaɗayi da jahilci. Wanda ya duba farashi zai fahimci abin da ya fitar da su cikin dare. Kafin a cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati. Kwana shida kafin haɗarin Majiya, gidajen man NNPC a Abuja suka mayar da ita naira 1,030. Jarka guda mai lita 25 ta zama naira 25,750, fiye da sulusin mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Wannan bai halatta ɗibar man ba, amma ya nuna cewa wa'azi kaɗai ba zai hana ta ba.

Matakin da gwamnati ta ɗauka ya tsaya ne a kan wuta. Hukumar NMDPRA mai kula da tacewa da rarraba mai ta haramta wa tankoki masu lita 60,000 ɗaukar kaya daga 1 ga Maris, 2025. An umarci hukumar wayar da kan jama'a ta shiga gari-gari. An tara gudummawa ga iyalan mamata. Duk waɗannan sun dace. Sai dai muhawarar da ta biyo baya ta ƙare a kan girman tanka, lalacewar titi da halin direbobi. Ƙasar da man ya jiƙa da rijiyoyin da ke kewaye ba su samu gurbi a cikinta ba.

Kuma tankar da ta kama da wuta ita ce ke shiga labarai. Wadda ta kife a daji ta zubar da dizal a kwalbati, aka zo da wata aka juye ragowar, ba ta cika wuce rahoton jami'an kiyaye haɗurra ba. Ta fuskar ruwan sha, wannan ta biyun ta fi haɗari, domin man da bai ƙone ba ƙasa yake shiga.

Dalilin yawan tankokin ma sananne ne. NNPC ta shimfiɗa bututun tataccen mai daga matatar Kaduna zuwa rumbunan Kano da Gusau, da kuma Jos, Gombe har Maiduguri. Da matatar ta daina aiki, bututun kuma ya sha fasawa, sai kusan dukkan man da Arewa maso Gabas ke sha ya koma kan taya, daga Legas ko Warri ko Fatakwal, tafiyar fiye da kilomita 1,000.

Ƙasar da ruwanta ba ya kaiwa teku

Za a iya cewa kwatanta tanka da Bonga wuce gona da iri ne. Ta fuskar yawa, haka ne. Tanka mai lita 45,000 ganga 283 ce kawai, alhali Bonga ta zubar da kusan 40,000. Amma yawa ba shi kaɗai ne ma'auni ba, ana duba inda man ya faɗa da abin da jama'ar wurin suke sha.

Mafi yawan ƙasar Yobe da Jigawa suna cikin kwarin Tafkin Chadi. Kogin Hadeja da na Jama'are suna haɗuwa su zama Komadugu Yobe, wanda ke ƙarewa a tafkin, ba ya kaiwa teku. Babu igiya da za ta kwashe ƙazanta ta tarwatsa ta. Abin da ya zuba a wannan ƙasa, a cikinta yake zama. Titin da tankar Majiya ta bi yana nufar dausayin Hadeja da Nguru, wanda aka sanya cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na duniya a 2000, kuma dubban masunta da manoman shinkafa da makiyaya suka dogara da shi. Wannan dausayi da fadamun da ke bin koguna su ne gaɓar tekun Arewa.

A yankin Potiskum ƙasa mai rairayi ce, tana shan ruwa da sauri, kuma yadda take shan ruwan sama haka za ta sha mai. A fadama ruwa yana kusa, shi ya sa mai lambu ke iya kafa ƙaramin bututu ya ja da injin ban-ruwa. Wannan kusancin da ya sa noman rani ya yiwu a Mamudo shi ne kuma rauninsa. Kayan lambun da aka shayar da wannan ruwa kasuwa suke zuwa, dabbobin da suka sha daga kududdufin gefen titi kuma suna iya ƙarewa a kasuwar shanu ta Potiskum, ɗaya daga cikin mafi girma a Afirka ta Yamma, wadda ke ciyar da mahautan Abuja da Legas.

Ban da tanka, akwai ɗigon yau da kullum. Potiskum gari ne na manyan motoci da garejin kanikawa, kuma baƙin man da aka juye daga inji sau da yawa a ƙasa yake ƙarewa, ko a shafa wa katako don maganin gara. Akwai tankunan gidajen mai da ke binne a ƙasa, waɗanda idan suka tsufa suke yoyo ba tare da kowa ya gani ba. Akwai 'yan bumburutu da ke ajiye jarkoki a cikin gida, kusa da rijiya. Unguwar Baruwa da ke Legas, wadda ba a haƙo ko ganga guda a cikinta ba, ta yi fiye da shekara 20 tana fama da fetur a rijiyoyinta saboda yoyon bututun da ya ratsa ta.

Kolmani: tun ran gini, ran zane

Ranar 22 ga Nuwamba, 2022, Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin haƙar mai na Kolmani a kan iyakar Bauchi da Gombe, shekara uku bayan NNPC ta sanar da samun mai a wurin. An ce akwai ganga fiye da biliyan 1 da iskar gas mai yawa, an kuma yi alƙawarin matatar mai, tashar lantarki da masana'antar takin zamani. A 2023 aka fara haƙa rijiyar Ebenyi a Jihar Nasarawa, da ta Wadi a Jihar Borno. Aikin Kolmani ya yi sanyi bayan biki, amma a 2025 sabon shugaban NNPC, Bayo Ojulari, ya ce kamfanin zai koma bakin aiki.

Yobe tana tsakanin waɗannan wurare biyu, Kolmani ta kudu, kwarin Chadi ta gabas. Masana duwatsu ma sun raɗa wa ɗaya daga cikin shimfiɗun dutsen da ake sa ran mai ya samo asali daga gare su sunan Fika, garin da ke maƙwabtaka da Potiskum. Dokar Masana'antar Man Fetur ta 2021, wadda aka fi sani da PIA, ta ware kashi 30 cikin 100 na ribar NNPC daga wasu kwangilolin mai don neman mai a sababbin wurare irin waɗannan.

A Arewa akwai masu ganin duk maganar gurɓatar muhalli a Kolmani dabara ce ta masu baƙin cikin yankin ya samu nasa arzikin, tare da kashi 13 cikin 100 da tsarin mulki ya tanadar wa jihohi masu mai. Hujjarsu tana da tushe, ganin yadda aka shekara da shekaru ana yi wa Arewa gorin cima-zaune. Amma mutanen Oloibiri, inda aka fara samun mai a 1956, su ma da murna suka tarbi baƙinsu. Abin da ya cuce su shi ne babu wanda ya auna ruwansu da lafiyarsu kafin a fara, saboda haka da abin ya lalace ba su da shaidar yadda yake a da. Manoman Oruma da Goi da suka kai ƙarar Shell a Holan a 2008 ba su samu hukuncin kotun ɗaukaka ƙara ba sai a Janairun 2021, bayan wasu daga cikin masu ƙarar sun rasu. Mutanen Bodo sai a Landan suka samu diyyar fam miliyan 55 a 2015.

Akwai kuma sashen da ya kamata sarakuna da shugabannin al'ummar Alkaleri da Akko su karanta da kyau. Dokar PIA ta ba al'ummomin da ke karɓar baƙuncin kamfanoni kashi 3 cikin 100 na kuɗin gudanarwar kamfani na shekarar da ta gabata, amma ta ce idan aka yi ɓarna ko zagon ƙasa ga kayan aiki, za a cire kuɗin gyara daga wannan kaso. Ke nan wanda ya rubuta musabbabin malala shi ne ya yanke wa al'umma hukunci. Maƙwabciya Nijar ta nuna cewa barazanar gaskiya ce: bututunta mai tsawon kusan kilomita 2,000 daga Agadem zuwa gaɓar Benin ya fara kai mai kasuwa a Mayun 2024, a watan Yuni 'yan tawaye suka fasa shi.

Hukumomi da yawa, rijiya babu mai ita

A takarda, Najeriya ba ta rasa hukumomi ba. Dokar 2006 ta kafa NOSDRA ƙarƙashin Ma'aikatar Muhalli domin gano malalar mai da ɗaukar mataki. Dokar ta wajabta wa wanda ya zubar da mai ya kai rahoto cikin awa 24, in ya ƙi a ci shi tarar naira 500,000 kowace rana, in kuma ya ƙi share wurin a ƙara masa naira miliyan 1. Wannan tara ba ta kai kuɗin lita 1,000 na fetur a farashin Oktoban 2024 ba. Majalisa ta yi wa dokar gyara don ƙarfafa hukumar, amma Shugaba Buhari ya ƙi sa hannu a farkon 2019.

Rahoton UNEP ya nuna wani rauni da ya fi tara muni: masu sa ido sun dogara da kamfanonin mai wajen kai su wurin da abin ya faru. Jami'in da wanda ake zargi ya ɗauko a motarsa da wuya ya rubuta abin da zai ɓata masa rai.

Sauran hukumomin kowace tana da iyakarta. NUPRC tana kula da haƙa, NMDPRA da dako da gidajen mai. Hukumar NESREA mai tilasta bin dokokin muhalli, dokar 2007 da ta kafa ta ta cire fannin mai da iskar gas daga huruminta. Jami'an kiyaye haɗurra aikinsu ya ƙare da zarar an janye tanka daga titi, NEMA da takwarorinta na jihohi kuma da rabon kayan agaji. Hukumar NCDC an gina ta ne a kan cututtuka masu yaɗuwa irin kwalara da sanƙarau. Rijiyar ƙauye kuwa ta jiha ce da ƙaramar hukuma, waɗanda galibi ba su da ɗakin gwajin da zai iya gano benzin. Kowace hukuma za ta iya nuna cewa ta yi nata, amma babu wadda za a tuhuma idan ba a auna ruwan ba.

Arewa ta taɓa biyan kuɗin irin wannan giɓi. A 2010 gubar dalma daga haƙar zinare ta kashe yara aƙalla 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara. Ƙungiyar likitoci ta MSF ce ta fara ankarar da duniya, bayan jami'anta sun lura da yawan sababbin kaburburan yara. Garin Bagega ya jira har 2013 kafin gwamnatin tarayya ta saki kuɗin share shi, kuma likitoci ba su iya fara yi wa yaransa magani ba sai da aka kwashe gurɓatacciyar ƙasar. A Yobe kanta, mutanen Gashuwa sun daɗe suna kokawa da yawan ciwon ƙoda, har gwamnatin Mai Mala Buni ta sa masana su binciki musabbabinsa. Babu wanda ya danganta ciwon da mai, amma ya nuna wahalar gano tushen cuta a wurin da ba a ajiye bayanan ruwa da na marasa lafiya tun farko ba.

Abin da ke hannun masu riƙe da fayil

Gyaran da ake bukata ba ya jiran sabuwar ma'aikata. Mafi yawansa aikin takarda ne da layin kasafin kuɗi, irin wanda daraktoci da mataimakan 'yan majalisa ke tsarawa kowace shekara.

Na farko, a mayar da kowane haɗarin tanka rahoton malalar mai. Jami'in kiyaye haɗurra da ya isa wurin ya sanar da NOSDRA da ma'aikatar lafiya ta jiha a ranar, a shigar da shi cikin kundin malalar mai da hukumar ke wallafawa a intanet, a kuma auna rijiyoyin da ke kusa nan take, a maimaita bayan damina ta farko, lokacin da ruwan sama ke tura man ƙasa. Kuɗin awon da na kwashe ƙasar ya fito daga inshorar mai tanka, NMDPRA ta sanya hakan cikin sharuɗɗan lasisi.

Na biyu, kafin a ci gaba a Kolmani da Wadi, a auna ruwa da ƙasa da lafiyar jama'ar kewaye, a wallafa sakamakon da Hausa da Fulfulde da Kanuri. Dokar tantance tasirin ayyuka ga muhalli ta 1992 ta riga ta wajabta baje rahoton ga jama'a, amma kundin Turanci mai shafi ɗaruruwa da aka ajiye a sakatariyar ƙaramar hukuma bai isar da saƙo ga makiyayi ba. Ɗan kaso daga kuɗin neman mai ya isa a samar da ɗakin gwaji a jami'o'in Bauchi, Gombe, Damaturu da Maiduguri, ta yadda samfur ba zai riƙa tafiya Fatakwal ba.

Na uku, Majalisar Tarayya ta dawo da gyaran dokar NOSDRA, ta ɗaga tara, ta ba hukumar motocinta da kayan aikinta, domin ta riƙa isa wurin malala ba tare da jiran kamfani ba. Na huɗu, asibitocin da ke kan manyan hanyoyin dakon mai, irin na Potiskum, Azare, Hadeja da Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Nguru, su buɗe rajistar waɗanda suka shaƙi mai ko suka sha gurɓataccen ruwa, kamar yadda UNEP ta nema wa mutanen Ogale tun 2011.

Albashin ma'aikacin tarayya da kason da Yobe ke karɓa kowane wata daga asusun tarayya, kaso mai tsoka nasu daga man Neja Delta yake fitowa, kuma mutanen can sun biya da ruwan shansu. Arewa tana da abin da su ba su samu ba a 1956, wato ta ga ƙarshen labarin kafin nata ya fara. Auna rijiyoyin Mamudo da sauran garuruwan da ke kan titin Kano zuwa Maiduguri a yau, a rubuta sakamakon a ajiye, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da dala biliyan 1 da aka nema wa Ogoni. Ranar da tanka ta kife a gefen lambu, wannan takarda ce kaɗai hujjar da manomi zai riƙe a gaban kamfanin inshora ko alƙali.